Allah Ya Zaɓa, Mutum Ya Amsa: Yadda Katolika Ke Karanta Ƙaddara a Littafi Mai Tsarki

Bahaushe kan ce zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Da wannan bakin kuma yake cewa abin da mutum ya shuka shi zai girba. Na farko yakan fito a wajen jaje ko barka, na biyu a wajen shari'a da tarbiyya, kuma bai taɓa jin sun yi karo ba. Sai an kai maganar ga makomar mutum ta har abada ne take yin nauyi. In Allah ya riga ya zaɓi waɗanda za su tsira tun kafin a haife su, mene ne amfanin wa'azi da tuba da addu'a? In kuwa mutum ne ke yanke wa kansa, to ina kyautar Allah a ciki?

Malaman Musulunci sun daɗe da sanin wannan tambaya, tun daga jayayyar Jabariyya da Ƙadariyya har zuwa hanyar da Ash'ari ya bi a tsakani. Kiristoci ma sun shafe ƙarni goma sha shida suna fama da ita, da nasu nassin da nasu malaman. Amsar Cocin Katolika ce nake son in bi sawunta a nan, domin sau da yawa ana gajarta ta a ce wai Furotesta ne masu ƙaddara, Katolika kuma masu aiki ne. Wannan ba daidai ba ne ta kowane ɓangare.

Katolika ba shi da ikon musun ƙaddarar ceto, domin tana rubuce baro-baro. A sura ta 8 ta wasiƙarsa ga Romawa, manzo Bulus ya jero matakai biyar kamar sarƙa: Allah ya riga ya sani, ya ƙaddara, ya kira, ya kuɓutar, ya ɗaukaka. A surar farko ta wasiƙar Afisawa an kai zaɓen baya har kafin a kafa duniya. A sura ta 6 ta Yahaya, Yesu ya nuna cewa zuwa wurinsa ba ya yiwuwa sai Uba ya jawo mutum. A sura ta 13 ta Ayyukan Manzanni, Luka ya danganta bangaskiyar mutanen Antakiya ta Bisidiya ga cewa an tanade su ga rai madawwami. Duk wanda ya goge waɗannan don ya kare 'yancin mutum ya yanke wa littafin hannu.

Amma littafin yana da ɗaya hannun. A sura ta 30 ta Maimaitawar Shari'a, Musa ya ajiye rai da mutuwa a gaban jama'a, ya roƙe su su zaɓi rai. Annabi Ezekiyel ya faɗa a sura ta 18, ya sake a ta 33, cewa mutuwar mugu ba ta yi wa Allah daɗi, juyowarsa yake so. Wasiƙar farko ga Timoti ta ce nufin Allah shi ne dukan mutane su sami ceto, wasiƙar Bitrus ta biyu kuma ta ce jinkirin hukunci haƙuri ne don kada kowa ya hallaka. A sura ta 23 ta Matiyu, Yesu ya yi makoki a kan Urushalima, ya ce ya so ya tattara 'ya'yanta, su ne suka ƙi. Katolika na da ƙarin shaida a sura ta 15 ta littafin Sirak, ɗaya daga cikin littattafai bakwai da ke cikin Tsohon Alkawarinsu waɗanda Furotesta ba su lissafa a matsayin nassi. A can an haramta wa mutum ɗora wa Allah laifin zunubinsa, an kuma nuna masa wuta da ruwa a gabansa, ya miƙa hannu inda ya ga dama.

Ka'idar Katolika ta farko mai sauƙin faɗa ce: ba a soke rukuni ɗaya na waɗannan ayoyi da ɗaya. Abin da ya fi jan hankalina shi ne marubutan nassin da kansu sukan haɗa su a numfashi guda ba tare da jin kunya ba. A sura ta 2 ta Filibiyawa, Bulus ya umarci masu bi su yi aikin cetonsu da tsoro da rawar jiki, dalilin da ya bayar kuwa shi ne Allah ne ke aikata nufin da aikin a cikinsu. A ranar Fentikos, Bitrus ya ce an ba da Yesu bisa shirin da Allah ya tsara, a jimlar nan kuma ya ɗora alhakin kisan a kan waɗanda suka yi shi, ya kira su ga tuba. Yusufu ya gaya wa 'yan'uwansa a ƙarshen littafin Farawa cewa su mugunta suka nufa, Allah kuma alheri ya nufa da abu ɗaya ɗin.

Labarin da ya fi nuna wannan a fili yana cikin sura ta 27 ta Ayyukan Manzanni. Jirgin ruwan da ke ɗauke da Bulus zuwa Roma, da mutum 276 a ciki, ya shiga guguwa kwana da kwanaki. Bulus ya shaida musu cewa mala'ika ya tabbatar masa ba wanda zai mutu. Bayan haka ma'aikatan jirgin suka yi dabarar sauke ƙaramin kwalekwale su gudu. Bulus bai naɗe hannu ya ce ai an riga an rubuta ba. Ya gaya wa jarumin sojan da ke tsaronsa cewa in waɗannan mutane suka fita, sauran ba za su tsira ba. Aka yanke igiyoyin kwalekwalen, kowa ya kai gaɓar tsibirin Malta da rai. Alkawarin tabbatacce ne, gargaɗin ma gaskiya ne, domin Allah da ya ƙaddara tsirar ya ƙaddara ta ne ta hanyar mutane masu ji da yanke shawara.

Inda aka fi kai ruwa rana shi ne sura ta 9 ta Romawa, kuma ya kamata a daɗe a kanta. Can ne aka ce an fifita Yakubu a kan Isuwa tun suna ciki, kafin ɗayansu ya yi nagarta ko mugunta. Can ne aka ambaci taurarewar zuciyar Fir'auna, da maginin tukwane mai iko a kan yumɓunsa. Wanda ya karanta surar ita kaɗai zai iya fita da yaƙinin cewa Allah ya ƙera waɗansu don aljanna, waɗansu don wuta.

Masu tafsirin Katolika sukan fara da tambayar abin da ke damun Bulus. Surori na 9 zuwa 11 magana ɗaya ce, damuwarsa kuwa ita ce yadda yawancin danginsa Yahudawa ba su karɓi Almasihu ba alhali al'ummai suna shigowa. Maganar Yakubu da Isuwa ya ɗauko ta ne daga sura ta 25 ta Farawa, inda aka gaya wa Rifkatu cewa al'umma biyu ne a cikinta, da kuma annabi Malakai, wanda ke magana a kan Isra'ila da Edom. Zaɓen na wanda zai ɗauki alkawari ne a tarihi. Nassin bai ce Isuwa ya shiga wuta ba. A sura ta 33 ta Farawa ma shi ne ya sheƙo a guje ya rungumi ƙanensa da ya cuce shi.

Fir'auna ya fi wuya, kuma bai dace a yi masa kwaskwarima ba. Tun kafin Musa ya isa Masar Allah ya faɗa cewa zai taurare zuciyarsa. Amma a cikin annobai biyar na farko, littafin Fitowa yana cewa ne zuciyarsa ta taurare, ko kuma shi ya taurare ta da kansa. Sai a annoba ta shida, ta marurai, aka fara cewa Ubangiji ne ya yi. Fahimtar Katolika ita ce Allah ba ya zuba mugunta a zuciyar kowa. Yana barin mai taurin kai ga abin da ya nace a kai, ya kuma yi amfani da taurin kan nasa don cika nufinsa. Maginin tukwanen ma yana da asali a sura ta 18 ta Irmiya, inda tukunyar da ta lalace a hannu ake sake gina ta, aka kuma fassara misalin da cewa al'ummar da aka yi wa shelar hallaka, in ta tuba, za a janye hukuncin. Sannan a sura ta 11 ta Romawa Bulus ya ce rassan zaitun da aka sare saboda rashin bangaskiya za a iya sake dasa su in ba su nace ba, waɗanda aka dasa kuma za a iya sare su in suka yi girman kai. Ya rufe da cewa an kulle kowa cikin rashin biyayya domin a yi wa kowa jinƙai. Da wuya mutumin da ke koyar da jerin sunaye biyu da aka rufe tun fil'azal ya ƙare maganarsa haka.

Akwai wani abin lura a sura ta 25 ta Matiyu da iyayen ikilisiya suka daɗe da nunawa. Mulkin da aka ba waɗanda ke dama a ranar shari'a an ce an shirya shi dominsu tun kafuwar duniya. Wutar da aka tura waɗanda ke hagu kuwa an ce an shirya ta ne domin Iblis da mala'ikunsa. Ɓangarorin biyu ba su yi daidai ba, kuma wannan rashin daidaito shi ne zuciyar koyarwar Katolika. Wanda ya tsira, daga Allah ne tun farko har ƙarshe. Wanda ya hallaka, daga kansa ne.

Tarihi ya nuna cewa ba a kai ga wannan a rana ɗaya ba, kuma a Afirka aka yi fafatawar farko. Agustin, wanda aka haifa a 354 a garin da yanzu ake kira Souk Ahras a Aljeriya, ya zama bishop na Hippo, wato Annaba ta yau. Abokin jayayyarsa Pelagiyus, mai zuhudu daga Birtaniya, ya koyar cewa mutum yana da ƙarfin kiyaye dokar Allah da halittarsa, alheri kuma taimako ne daga waje kamar koyarwa da misali. Taron bishop-bishop a Kartej, kusa da Tunis ta yanzu, ya yi tir da wannan a 418. Amma zafin jayayya ya kai Agustin nesa. A rubuce-rubucensa na tsufa ya ɗauki 'yan'adam a matsayin taro guda da ya cancanci hukunci, wanda Allah ke tsamo waɗansu daga ciki, har ya taƙaita ma'anar ayar da ta ce Allah na son kowa ya tsira. Masu zuhudu a Hadrumetum, Sousse ta Tunisiya a yau, suka rikice, har waɗansu suka ce to bai kamata shugabansu ya tsawata musu ba, ya yi musu addu'a kawai. Dole ya rubuta musu littafi don kare 'yancin zaɓi. Shi ne kuma ya koyar a wani wa'azinsa cewa Allah bai nemi yardarmu ba da zai halicce mu, amma ba zai kuɓutar da mu ba sai da ita.

Shekara 99 bayan rasuwarsa, a 529, wani ƙaramin taro a garin Orange na kudancin Faransa, ƙarƙashin Kaisariyus bishop na Arles, ya tace gadonsa. Ya karɓi babban abin da Agustin ya tsaya a kai, cewa ko farkon bangaskiya, ko sha'awar yin addu'a, kyautar Allah ce, ba mutum ke fara takawa ba sannan Allah ya tarye shi. Ya kuma la'anci ra'ayin cewa ikon Allah na ƙaddara wani ga mugunta. Paparoma Boniface na Biyu ya tabbatar da hukuncin a 531. Da maganar ta sake tashi a ƙarni na tara ta bakin wani mai zuhudu mai suna Gottschalk, taron Quierzy na 853 ya maimaita cewa Allah na son kowa ya tsira, tsirar masu tsira kyauta ce, hallakar masu hallaka kuma hakkinsu ne.

Tomas Akwinas, wanda ya rasu a 1274, shi ya ba da bayanin da ya fi zurfi, kuma a ganina shi ne ya gano inda tambayar ke karkacewa. Mukan ɗauka cewa Allah da mutum suna raba aiki ɗaya ne, in kason Allah ya ƙaru na mutum ya ragu. Akan kwatanta da noma, a ce ruwa na Allah ne, fartanya ta manomi. Misalin yana da amfani, amma ya gaza, domin ƙarfin hannun manomin da niyyar da ta fitar da shi gona da asuba su ma daga Allah suke. Akwinas ya ce Mahalicci ba ɗaya ne daga cikin sababai masu gogayya a duniya ba. Shi ne sababin farko, mai motsa kowane abu daidai da halittarsa, abin da ke tafiya bisa dole ya tafi bisa dole, mai zaɓi kuma ya yi zaɓinsa da gaske. Saboda haka aikin kirki na Allah ne gaba ɗaya, na mutum ne kuma gaba ɗaya. Ya ƙara da cewa Allah ba ya cikin lokaci, jiya da gobe duk a gabansa suke, kuma ganin abu ba tilasta shi ba ne.

Ya kamata a faɗi abin da Katolika da yawa ba su sani ba. Akwinas ya koyar cewa Allah ba ya zaɓen mutum saboda ya hango ayyukansa na kirki, ayyukan ne ke fitowa daga zaɓen. Ya kuma yarda cewa Allah na ƙyale waɗansu su fāɗi. A nan tazararsa da malamin Furotesta Jon Kalvin ba ta kai yadda ake zato ba. Bambancin shi ne Kalvin, a bugun ƙarshe na babban littafinsa a 1559, ya ce an ƙaddara wa waɗansu rai madawwami, waɗansu kuma hallaka madawwamiya, duka da hukunci ɗaya na Allah. Martin Luther ma, a amsarsa ga Erasmus a 1525, ya ce nufin mutum a ɗaure yake a batun ceto. Majami'un da suka gaji Kalvin, irin NKST a ƙasar Tibi da CRCN a Taraba, suna cikin maƙwabtanmu, amma ba dukan Furotesta ne ke kan wannan ba. Mabiyan Arminiyus da John Wesley sun ƙi shi tuntuni.

Majalisar Trent ta Cocin Katolika ta ba da amsa a ranar 13 ga Janairu 1547. Alheri ne ke fara kira ba tare da cancantar mutum ba. Mutum na iya amincewa ya ba da haɗin kai, yana kuma iya ƙi. Ba wanda aka ƙaddara wa mugunta. Sannan ta ƙara abin da ya fi taɓa rayuwar yau da kullum: ba wanda zai ce da cikakken tabbaci yana cikin zaɓaɓɓu, ko lallai zai jure har ƙarshe, sai in Allah ya bayyana masa ta wahayi na musamman. Abin da aka ba mai bi shi ne sa zuciya mai ƙarfi ga taimakon Allah.

Trent ta kafa iyakoki, ba ta bayyana yadda abin ke aiki a ciki ba, nan da nan kuwa 'ya'yan cocin suka kama juna. A 1588 Luis de Molina, ɗan ƙungiyar Jesuit, ya wallafa littafi a Lisbon yana cewa Allah na da wani ilimi na tsakiya, wato ya san abin da kowane mai zaɓi zai yi a kowane hali da za a sa shi, ko da halin bai taɓa faruwa ba. Hujjarsa tana cikin nassi. A sura ta 23 ta littafin Sama'ila na farko, Allah ya gaya wa Dawuda cewa mutanen Kaila za su bashe shi ga Saul in ya zauna, Dawuda ya tashi, abin bai faru ba. Yesu ma ya ce da an yi mu'ujizansa a Taya da Sidon da sun tuba. Domingo Báñez na ƙungiyar Dominikan, malami a Salamanca, ya ce wannan ya mayar da Allah mai jiran shawarar halittarsa. A wurinsa alherin da ke kai ga ceto yana da tasiri daga kansa, shi ke haifar da amincewar, ba tare da ya karya 'yanci ba. Dominikan suka ce Jesuit sun koma ga Pelagiyus, Jesuit suka ce Dominikan sun bi Kalvin. Paparoma Clement na Takwas ya kafa kwamiti, aka yi kusan shekara goma ana zama, shi kansa ya rasu a 1605 ba a gama ba. A 1607 Paparoma Bulus na Biyar ya sallami kowa, ya bar kowane ɓangare ya koyar da nasa, ya hana su kiran juna 'yan bidi'a. Har yau haka maganar take.

Waɗansu na ganin wannan gazawa ce. Ni ina ganin gaskiya ce aka riƙe. Cocin ta yanke hukunci inda nassi ya yi magana a sarari, ta yi shiru inda hujjar ta koma ta falsafa. Shaidar cewa ba tsoron yanke hukunci ba ne ta zo a 1653, lokacin da Paparoma Innocent na Goma ya yi tir da jimloli biyar da aka ciro daga littafin Kornelius Jansen, bishop na Ypres, wanda aka buga a 1640 bayan mutuwarsa. A cikinsu akwai cewa ba a iya ƙin alherin da ke aiki a zuciya, da cewa kuskure ne a ce Almasihu ya mutu domin kowa. Katekisim na Katolika na 1992 ya tattara duka a taƙaice. Sakin layi na 600 ya ce shirin Allah na har abada ya ƙunshi amsar da kowane mutum zai bayar da yardarsa, na 1037 kuma ya ce Allah bai ƙaddara wa kowa shiga wuta ba, sai mutum ya juya baya da gangan ya kuma nace har ƙarshe.

Akwai tambayar da ta rage, kuma mai hankali zai yi ta. In Allah na iya ba da alherin da zai narkar da zuciyar Shawulu, wato Bulus kafin ya tuba, mai tsananta wa ikilisiya a hanyar Dimashƙu, me ya sa Yahuza bai narke ba? Bitrus da Yahuza duka sun ci amanar Yesu a dare ɗaya, ɗaya ya yi kuka ya dawo, ɗaya ya yanke ƙauna. Ɗan Molina zai ce Allah ya san yadda kowannensu zai amsa, sai a tambaye shi me ya sa aka sa Yahuza a wannan hali ba wani ba. Ɗan Báñez zai ce an ba Yahuza isasshen alheri ya ƙi, sai a tambaye shi ina isarsa in bai taɓa kai kowa ga tuba ba sai da ƙari. Babu ɓangaren da ya rufe wannan rami. Cocin ma, da take ayyana dubban tsarkaka a sama, ba ta taɓa ayyana wani mutum da suna cewa yana wuta ba.

Abin da take yi a aikace shi ne roƙo. A tsohuwar addu'ar Mass ta Roma, wadda yanzu ake kira Addu'ar Yukarist ta Farko, firist kan roƙi Allah ya kuɓutar da jama'a daga hallaka ta har abada, ya kuma lissafa su cikin garken zaɓaɓɓunsa. Wanda ya ɗauka cewa an rufe lissafin ba tare da la'akari da amsar kowa ba, ba shi da dalilin yin wannan roƙo. Wanda kuma ya ɗauka cewa ƙoƙarinsa ne zai shigar da shi, ba ya bukatarsa. Akwinas ya yi bayanin cewa addu'ar masu bi tana cikin hanyoyin da Allah ya tsara don cika zaɓensa, kamar yadda zaman ma'aikatan jirgi ya kasance cikin alkawarin da aka yi wa Bulus, shi ya sa ake yin ta domin kai da kuma domin waɗansu.